Gurbi na Uku a Zagayen Safe

Tun Yorley Pernía ba ta iya ɗaure igiyar takalminta ba take jin zagayen safe ta jikin bango. Ɗakin rediyon mahaifinta, Don Ovidio, manne yake da ɗakin kwananta. Kullum kafin hazo ya ɗage daga kan gonakin kofi sai ta ji na'ura ta yi shuu, sannan muryar Don Abundio Dugarte ta hauro daga garin da ke gindin dutse tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi ne masu rediyon magana a gida, kowa da lasisinsa da lambar kiransa da eriyarsa, warwatse cikin duwatsun Mérida, suna haɗuwa a gajeren zango kan mita arba'in. Wanda aka kira sai ya danna maɓallin makirufo, ya faɗi yadda ya ji na gabansa da lamba biyu, ta tsabtar murya da ta ƙarfinta, ya faɗi ko ana ruwa a wajensu, ya yi ƙorafin gwiwa in yana da shi, ya miƙa wa na gaba. Don Abundio ne ke buɗewa, sai Don Nicanor na can sama inda ake noman dankali, sai Don Ovidio, sai Doña Herminia, tsohuwar nas. Haka Yorley ta taso ta tarar, mahaifinta ne na uku.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yayanta Eudes, wanda ya daɗe yana aiki a Santiago ta ƙasar Chile, ya zo ya tafi da shi saboda asibiti da magani. Ya so ya haɗa da ita. Ta ce ba inda za ta. Ta gama jami'a, ta fito da digirin injiniyan lantarki, abokan karatunta kusan duk sun ƙetare iyaka, ita kuwa tana koyarwa a makarantar sana'a da safe, da rana tana gyaran inbata da caja. Duk wanda ya dube ta da idon tausayi sai ta mayar masa da kallonsa. Ba rasa hanya ta yi ba, zaman ta zaɓa. Ta zauna a gidan tare da Gwaggo Eduviges, ƙanwar mahaifinta, da kaji, da ɗakin rediyo da babu mai shiga sai ita.

A Santiago kuwa Don Ovidio yana can saman wani dogon bene inda ko igiyar shanya ba a yarda a ɗaura a taga ba, balle eriya.

Har yanzu Don Abundio yana kiran sunansa kowace safiya. Ya kira, ya ɗan saurara, ya wuce ga Doña Herminia. Sai dai zagayen yana da al'adarsa. Ranar Candelaria, bikin kyandir na coci a farkon Fabrairu, sukan taru a gidan Don Abundio su ci su sha, kuma duk wanda shekara ta zagayo bai amsa kira ba, a ranar ake rufe gurbinsa, na bayansa ya matso. An yi wa waɗanda suka rasu, an yi wa waɗanda suka bar ƙasa. Don Abundio ya yi wa ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, bai ko yi tari ba.

Eudes ne ya kira Yorley wata Lahadi, yana magana ƙasa-ƙasa daga baranda.

"Ke, tsohon nan ya tambaye ni yaushe ne Candelaria."

"Shi da ke riƙe kyandir a coci kowace shekara?"

"Shi ne nake gaya miki. Ya san ranar sarai. Na ce Baba ko zagayen ne ke damunka, ya ce wane zagaye, ya juya ga bango."

"Ba ni shi."

"Ba zai karɓa ba. Kunyar muryarsa yake ji."

Ta ajiye wayar ta shiga ɗakin rediyo ta janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Wata ƙawarta ta jami'a ce ta bar mata shi ranar da za ta tafi. A ciki akwai akwatin saurare, bai fi sabulun wanki girma ba. Aikinsa ɗaya ne: a haɗa masa eriya ta nan, a haɗa masa intanet ta can, duk abin da eriyar ta kama sai ya zuba shi a wani shafi, mutum ko ina yake a duniya ya buɗe shafin ya murɗa zuwa tashar da yake so, kamar yana zaune a gaban rediyon. Mutum huɗu kawai yake ɗauka a lokaci guda. Yorley ta kira su kujeru huɗu.

Ba ƙaramin artabu ta sha da shi ba. Kamfanin da ke ba su intanet ba ya bai wa gida ƙofar da za a ƙwanƙwasa daga waje, sai da ta bi da shafin ta wata na'ura mai tsayawa tsakani a wata ƙasa. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, don haka ta ɗora akwatin da na'urar intanet a kan batirin babbar mota da farantin sola guda. Da ta kunna sai ga ƙara ta cika zangon kamar ana suyar kifi. Ta bi waya ɗaya bayan ɗaya har ta gano cajar batirin ce. Ta farke matattun talabijin a shagonta, ta ciro zobban baƙin ƙarfen da ke ciki, ta naɗe wayoyin a kansu har yatsunta suka yi kanta, ƙarar ta kwanta. Ta hau bishiyar fiya da kanta ta sake ɗaure eriyar mahaifinta, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ranar da komai ya zauna, ta dawo daga makaranta ta tarar akwatin ya yi zafi ya kashe kansa. Gwaggo Eduviges ce ta lulluɓe shi da ƙyallen saƙa, ta ɗora masa ɗan gunkin waliyyi a kai.

"Gwaggo, numfashi yake yi ta waɗannan ramukan."

"To ni na san yana numfashi? Na ga ƙura za ta shige shi ne, ga shi tsirara a kan tebur."

"Waliyyin fa?"

"Shi ki bar shi. Ki matsar da shi gefe in kin ga dama, amma ba ya fita daga ɗakin nan."

Da ta tabbata akwatin yana aiki sai ta hau babur ta gangara gidan Don Abundio. Shi ya riƙe ta ranar baftisma, don haka tun daga ƙofa ta ce, "A sa min albarka, Baba Abundio."

"Allah ya yi miki albarka, Injiniya. An ce an ga 'yar Ovidio a kan bishiya kamar biri."

"Da ka hauro ka taya ni ai."

Ya zuba mata kofi a ƙaramin kofin tangaran, ya saurari bayaninta kan akwatin da mahaifinta har ta gama, yana shafa farin gashin bakinsa.

"Intanet ba rediyo ba ne," in ji shi.

"Eriyar tasa ce. Iskar da ke ɗauko muryarka ita ce za ta ɗauko ta zuwa gidanmu. Abin da na ƙara kawai, na tsawaita masa wayar abin sawa a kunne."

"Kin tsawaita ta har Chile."

"Doka ta faɗi iyakar tsawonta?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Bakin nan na uwarki ne, Allah ya jiƙanta. Ji nan. Amsa kira ba ɗaga hannu ba ne. Sai ya ji Nicanor da kunnensa, ya ba shi rahoto da bakinsa, ya miƙa wa Herminia. Ba saƙon waya ba, ba ke ki karanta mana ba."

"Ina da lasisina. Zan kara wayarsa a makirufo ƙarƙashin lambata."

"In ya yi haka kafin Candelaria, sai mu gani."

Washegari a ƙarshen zagaye ta danna maɓalli ta faɗi lambarta, ta karanta wa kowa adireshin shafin, harafi bayan harafi, don kada wani ya ce ta yi abu a ɓoye. Har da 'yar taƙama a muryarta, ta sani, ba ta kuma damu ba.

Da yamma Eudes ya buɗe wa mahaifinsu shafin a kwamfutar hannu. Ya aiko mata hoto: tsohon zaune, abin sauraro a kunne, hannunsa mai lafiya a kan tebur. Tsohon ya kamo muryar wani mai kamun kifi yana hira da wani daga tsibiri, ya zauna yana jin su har abinci ya huce. Daga baya ya yarda ya karɓi waya.

"A sa min albarka, Baba."

"Allah... ya yi miki." Kalmomin suna fitowa da ƙyar, kamar ana jan su daga rijiya. "Eriya... ta karkata gabas."

"Ni na ɗaure ta, daidai take."

"Ta karkata."

Ta yi dariya har ta share ido da bayan hannu. Ta gaya masa za ta kulle masa kujera ɗaya da kalmar sirri don kada wani ya riga shi. Ya ƙi. Shi tun da yake bai taɓa hana kowa saurare ba, ɗakin rediyonsa ko ƙofa ba a rufewa, ba zai fara da tsufa ba. Ta ce to.

Da safe, lokacin zagaye, shafin ya gaya wa Eudes kujeru sun cika.

Haka washegari, haka wanshekaren washegari. Da rana fayau, da yamma fayau, amma da zarar Don Abundio ya buɗe zagaye sai kujeru huɗun nan su cika maƙil, ba sa sakin kowa sai an rufe. Yorley ta zargi Turawa masu farautar tashoshin nesa. Ta zargi na'urorin nan da ke yawo a intanet suna maƙalewa a akwatunan mutane. Ta shiga shafin mai gida, inda ake sarrafa akwatin, ta toshe waɗanda ta san halinsu, ta sa iyakar lokaci, wanda ya daɗe a kore shi. Wanda aka kora kafin ka ƙifta ido ya dawo, Eudes kuwa yana can yana fama da ɗaura wa yaransa takalmin makaranta, ba ya riga su. Ya riƙa aiko mata saƙonni masu zafi, ita ce injiniya ko shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da ta jiyo muryar mahaifinta a bayan ta Eudes yana cewa, "A bar shi." Kullum kuma tana zaune a ɗakin rediyo tana jin Don Abundio ya kira na uku, ya saurara, ya wuce. Janairu tana ta guduwa.

Wata safiya ta sa abin sauraron mahaifinta a kunne, don kajin Gwaggo sun hana ta ji. Don Abundio yana ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Sai ta ji wani abu a bayan muryarsa: wata muryar, siririya, tana faɗin abin da ya faɗa, tana biye da shi a baya kamar yaro mai kwaikwayo. Ta ƙara sauti. Da Don Nicanor ya karɓa, shi ma da nasa mai kwaikwayon. Rediyo ba ya jinkiri haka. Abin da ya zagaya ta intanet ya dawo ne ke makara.

Ta cire abin kunnen. Sannan ta ɗauki makullin babur.

Ta sami Don Abundio bai ko tashi daga gaban rediyo ba. Ga tsohuwar waya mai fasasshen gilashi jingine da gwangwanin sukari, shafinta a buɗe a kai.

"A sa min albarka, Baba Abundio."

"Allah ya yi miki..." Ya miƙa hannu zai kife wayar, ya fasa.

"Intanet ba rediyo ba ne," in ji ta.

"Gwaji nake yi. Na canja makirufo."

"Kullum kake canja shi?"

"Nicanor ne ya fara. Shi ya gaya wa Herminia, ita ta gaya wa wancan kurman ɗan zagayenmu na bakin kogi."

"Ku huɗu ke nan. Kujerun nawa na ce muku akwai?"

Ta ga lissafin yana sauka a fuskarsa sannu a hankali, har ya kai inda za shi.

"Ovidio," ya ce.

"Kana kiransa da baki, kana zaune a kan kujerarsa."

Ta zo da faɗa cike da ciki, tun daga saman dutse take jera kalmomin. Amma tsohon ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga, gogewar da ba ta ƙarewa, sai ta ji faɗan yana zubewa.

"Tun kafin a haifi yayanki nake magana a wannan zangon," in ji shi. "Kowa ya tashi sai ya ce biyar da tara, Abundio, biyar da tara, ana jin ka tas, da ƙarfi. Ban taɓa sanin ko gaskiya suke gaya min ba. Mai magana ba ya jin kansa, kin sani. Ka danna maɓalli, kunnenka ya toshe. Sai ranar da kika karanto mana abin nan."

"To me ka ji?"

"Wani tsoho na ji, yana jan numfashi tsakanin kalmomi." Ya mayar da tabarau. "Amma sautin yana da kyau. Ya fi na Nicanor nesa ba kusa ba."

Dole ta yi dariya. Ta janyo kujera ta zauna, ya tura mata arepa, wainar alkama, da cuku, ta ci. Ta ce masa daga gobe akwatin zai riƙa naɗar zagayen gaba ɗaya, da rana ta tura wa kowa, ya ji kansa har ya gaji. Amma lokacin zagaye duk wanda ta sake jin mai kwaikwayo a bayan muryarsa, za ta faɗi sunansa a iska kowa ya ji.

"Ba sai an kai ga haka ba, Injiniya."

"Kai za ka gaya musu ko ni?"

"Ni zan gaya musu. Zan ce matsala ce ta na'ura."

"Ka ce abin da ka ga dama."

Duk da haka ba ta dogara da alkawarin tsofaffi ba. Da ta koma gida ta shiga shafin mai gida ta kulle kujera ɗaya da kalmar sirri, ta bar uku a buɗe ga duniya. Ta kira Santiago ta gaya wa mahaifinta da bakinta.

"Na ce... kar ki..."

"Eriyar taka ce, Baba, akwatin nawa ne. Uku na baƙi, ɗaya taka. In ba ka so ka zauna, a bar ta ba kowa, amma ba mai hawa."

Can ya ce, "Taurin kai."

"A gida na koya."

Saura abu ɗaya. Idan ta danna maɓallin babban rediyo, ƙarfin da zai fita zai iya ƙona akwatin da ke gefensa. Ta haɗa ɗan makunni mai raba akwatin da eriya duk lokacin da ake magana, ta gwada shi har ta amince. Ma'anarsa, sa'ad da mahaifinta ke magana ba zai ji komai ba, kamar kowane mai rediyo.

Sai dai shi bai shirya ba. Ya samu kujerarsa, yana sauraren zagaye kowace safiya, amma idan aka kira na uku sai ya girgiza wa Eudes kai. Yorley tana riƙe da waya a hannu ɗaya, makirufo a ɗayan, tana jin numfashinsa, har Don Abundio ya wuce. Ba ta matsa masa ba. Kullum dai sai ta kira, kullum sai ta riƙe.

Ana jibi Candelaria aka ɗauke wuta tun da rana, kuma gajimare ya zauna a kan dutsen ya ƙi tashi, farantin sola bai samu abin kirki ba. Da asuba allurar batir ta riga ta sunkuya. Yorley ta kashe hoton zangon da shafin ke nunawa, ta bar sauti zalla, ta rage nauyinsa don na'urorin kamfanin intanet ma a kan batiri suke tafiya. Ta rufe kujerun baƙi na wannan safiyar, tana ba su haƙuri a zuci. Ta cire batirin babur ta jona shi a gefe. Ta rage ƙarfin babban rediyo zuwa abin da zai iya kai wa gindin dutse. Gwaggo Eduviges ta hura itace a tsakar gida, ta kawo mata ruwan mazarƙwaila mai zafi, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta.

Eudes ya ɗaga waya ya miƙa. Kafin ta nemi albarka mahaifinta ya riga ta.

"Ba ku da wuta."

Watanni ke nan tana gaya masa wuta ta gyaru, ba a cika ɗaukewa ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Zangon... fes. Ba fitilun titi. Ba cajar... maƙwabta." Ya ja numfashi. "Haka yake... ina saurayi."

Gaskiya ne. Ita ma ta ji. Duk gurnanin da garin ke zubawa a iska ya mutu tare da wutar, ba abin da ya rage sai wani siririn shuu mai laushi, har ana jin ƙarar kujerar Don Abundio sa'ad da ya gyara zama.

"Lafiyarmu lau, Baba."

"Ban ce... ba lafiya ba."

Don Abundio ya buɗe zagaye. Don Nicanor ya karɓa, ya ce sanyi ya ƙone masa ganyen dankali, ya ce yana jin Abundio biyar da tara, ya miƙa. Don Abundio ya kira lambar na uku, ya kira sunansa.

"Danna," in ji mahaifinta.

Ta danna. Ta faɗi lambarta, ta ce tana ɗauke da muryar Don Ovidio Pernía daga Santiago, ta kara wayar a makirufo.

Da farko numfashi kawai ya fito. Sannan ya fara da gaisuwa, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Ya zo kan sunan Nicanor harshen ya maƙale. Ya sake gwadawa, ya sake maƙalewa. Yorley ta ji sunan ya zo har bakinta, ta cije leɓe. A can bayan wayar Eudes ya fara cewa, "Nicanor yake nufi, yana cewa..."

"Eudes." Wannan ya fita sarai. "Layina ne."

A gidan Eudes kowa ƙarasa masa magana yake yi, da ƙauna, daga surukarsa har jikoki, har likita. A nan kuwa muddin maɓalli yana danne ba mai iya shiga, ko Don Abundio da kansa. Duwatsu gaba ɗaya sai su jira. Ta ƙara matse babban yatsanta a kan maɓallin. Allurar batir tana sauka tana kallonta, ba ta saki ba.

"Nicanor," ya ce a ƙarshe. "Ina jin ka... biyar da bakwai. Ba tara ba. Matso... kusa da makirufo... kullum sai na gaya maka." Ya huta. "Santiago... zafi. Ba ruwa. Burodinsu... a bar maganar." Ya sake hutawa, dogon hutu, har Gwaggo Eduviges ta kama gefen ƙofa. "Herminia... naki ne."

Yorley ta saki maɓallin. Yatsan ya yi fari, ya ƙi miƙewa.

Sai muryar Doña Herminia ta shigo, tana gyaran murya fiye da yadda ta saba.

"Ovidio, uku da huɗu nake jin ka, ƙasa-ƙasa, amma ko a cikin buhu aka sa muryar nan na san ta. Motsa jikin da aka ce ka yi kana yi kuwa, ko kana nan da halinka? Nan wajenmu yayyafi ake yi."

Don Nicanor bai jira layinsa ba, ya kutso yana cewa bakwai ɗin nan sharri ne, akwatin yarinyar ne bai da kunne. Don Abundio ya tsawata masa ya bi tsari, ba kasuwa ake ba. Sannan ya ce, da muryar da yake faɗin yanayin sama, "Na uku ya amsa. Mu ci gaba."

Ba a kai ƙarshen zagaye ba fitilar akwatin ta lumshe ta mutu, wayar ma ta yanke. Babban rediyo ne kawai ya rage, yana amfani da ɗan abin da ya saura a batirin babur. Da shi ta ji Don Abundio yana rufewa.

"Injiniya, in kina ji na, gobe ma zan kira shi, jibi ma haka. Ki san yadda za ki yi da batirin nan naki. Akwai janareta a gidan burodin da ke kusa da ni, na yi musu magana."

Ta dubi batirin babbar motar, ta dubi babur da ba shi da abin tayarwa. Hanyar dai gangara ce har gindin dutse. Dawowar ce aiki, wannan kuma sai an je can. Ta shanye ruwan mazarƙwailar da ya riga ya huce, ta kwance wayoyin, ta ce, "Gwaggo, kama min gefe ɗaya mu ɗora batirin nan a bayan babur."